Kada Ku Goge Kafin In Fita Takaba

Zuwa ga Manajan falon hutawa na kuɗi,
Ɓangaren masu tafiya ƙasashen waje,
Filin jirgin sama.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk masu aiki a ƙarƙashinka. Allah ya sa haka.

Sunana Salamatu. Ina zaune a Wunti cikin garin Bauchi, bayan layin teloli, ina sayar da zare da maɓalli da zif daga cikin gida. Karatun boko na tsaya a aji uku na sakandare, sai Islamiyya. In an ga kuskure a rubutuna a yi haƙuri. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, ban ambaci garin da filin jirgin yake ba, don ba na so wani ya rasa aikinsa ta dalilina. Kun san kanku, kuma an tura muku kwafin wannan takarda ta imel ɗin nan da muka sha turawa. Na fito da maganar fili ne saboda lokaci ya kusa ƙurewa.

Bari in fara da abin da nake nema, don kada a zaci kuɗina na zo karɓa. Maigidana ya zauna a falonku ranar da zai tafi Masar neman magani. Bai dawo ba. Ya rasu a can bayan sati uku, a can aka rufe shi. Kyamarar da ke falonku ta ɗauke shi yana zaune. Ma'aikaciyarku ta gaya mini a waya cewa wata uku kuke ajiye abin da kyamara ta ɗauka, daga nan na'urar ta goge da kanta ta ɗora sabo a kai. Wata ukun zai cika kafin watan nan ya ƙare. Ni kuma ina cikin takaba, sai bayan haka da kusan wata biyu zan fita. Kun ce ba za a duba maganar ba sai na zo da ƙafata. Matsalar ke nan. Sauran abin da zan faɗa bayani ne.

Na ɗaya, yadda aka yi na biya.

Malam tela ne. Haka nake kiransa, haka zan kira shi a nan, sunansa yana cikin rasit ɗinku. Kaftani da babbar riga yake ɗinkawa a wani ɗan shago a bakin titi. Ciwon maƙogwaro ne ya kama shi. Aka daɗe ana cewa mura ce, ana cewa ƙurar yadi ce. Kafin a gano ko mene ne, murya ta tafi. Mutumin da in yana ciniki ana jin sa daga tsallaken titi duk da ƙarar 'yan acaɓa, ya koma in zai yi magana sai ka kai kunnenka dab da bakinsa. Sauran da hannu yake yi.

Sati biyun ƙarshe gidanmu bai rabu da mutane ba. Masu dubiya, masu karɓar yadinsu da bai samu ɗinkawa ba, abokan sana'arsa da suka haɗa masa gudummawa, dangi daga Zungur. Mahaifiyarsa, Inna, ta taso daga Miri ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakinmu, a gefen gadonsa. Ba wanda zai ce wa uwa ta ba da wuri a ɗakin ɗanta, ni ma ban so ta bayar ba. Sai dai ban san yadda yake a wajenku ba, a wajenmu mace ba ta kai kunnenta bakin mijinta a gaban uwarsa da ƙannensa. Ƙaninsa Bala ne ke sunkuyawa ya ji, ya faɗa mana. Ko ruwa za a ƙara a kunu, ta bakin Bala nake ji.

A wajenmu kuma, in mutum zai yi doguwar tafiya yakan nemi yafiya. Malam ya nema a wurin kowa, Bala yana faɗa da ƙarfi a madadinsa. Har wani dattijo da suka shekara suna faɗa a kan wuyan riga ya zo, ya ce ya yafe amma wuyan dai bai yi daidai ba, aka yi dariya. Ni ma na shiga cikin “kowa da kowa ya yafe mini”, na amsa tare da jama'a. Ba wani abu ne a tsakaninmu ba. Zaman shekara ashirin da 'yan kai ne kawai. Na so in ji nawa daga bakinsa, shi ma ya ji nasa daga bakina, ba ta hannun ɗan aike ba.

Maƙwabciyata Rifkatu 'yar Bogoro ce, tana aikin buga takardu a sakatariya, katanga ɗaya ce ta raba mu shekara da shekaru. Ita ta lura. Ta ja ni madafi ta ce, “Maman Ummi, ke da mijinki kun koma kamar baƙin da suka haɗu a tasha.” Ita ta nuna mini tallarku a wayarta. Na ga kujeru masu laushi, da teburin abinci, da labule, ba cunkoso. Ta fassara mini rubutun: ka biya ka shiga, ka huta awa uku cikin natsuwa da sirri kafin jirginka ya tashi, ko wane irin tikiti gare ka. Maganar sirrin na riƙe. Na tambaye ta ko mutum biyu za su iya. Ta duba ta ce akwai wurin sa suna na biyu, ta sa nawa. An nemi lambar jirgi, ta sa ta Malam. Ba a nemi tikitina ba, ba a nemi fasfona ba. Aka cire kuɗin mutum biyu, rasit ya fito da sunayenmu a jere.

Rifkatu ba ta taɓa shiga jirgi ba, ni ma haka, Bala ma tafiyarsa ta farko ke nan. Mun ɗauka falo ne kamar na otal, a bakin shiga, inda mai rakiya zai zauna da matafiyinsa. Daga baya aka ce mana akwai wani ƙaramin rubutu can ƙasa, da Turanci, wanda sai an latsa wani wuri yake buɗewa. Ban musa ba. Amma ranka ya daɗe, in abu ba zai yi wa mutum amfani ba sai yana da takardar shiga jirgi, me ya hana a tambaye shi ita kafin a karɓi kuɗinsa?

Inna ta fita alwala wata rana na gaya wa Malam a gurguje. Ya gyara zaman hularsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar wani kwamishina, ya nuna ni da yatsa yana dariyar da ba sauti. Irin waɗannan 'yan mintocin mun sha samunsu a satin nan. Ban yi amfani da su ba, shi ma bai yi ba. Mun san muna da awa uku a ajiye, me za mu yi da minti biyu kunne yana ƙofa? Wannan ita ce asarar da tallarku ta ja mini.

Na biyu, ranar tafiya.

Mun bar Bauchi ranar Litinin a motar shata, muka kwana a gidan wani ɗan'uwansu, ni a cikin mata, shi a ɗakin maza. Talata da hantsi muka isa filin jirgi. Tun da asuba na dama masa kunun gyaɗa na tace shi sosai, don shi kaɗai yake wuce masa, na zuba a fulas. Na ɗauko kofi biyu.

Aka auna kaya, aka ba su takardunsu, aka kawo keken marasa lafiya. Muka nufi wata ƙofa, jami'in da ke wurin ya ce in kawo fasfo. Na miƙa masa rasit ɗinku, wanda Rifkatu ta buga mini a takarda na naɗe a bakin mayafi. Ya karanta ya ce, “Hajiya, wannan ta masu falo ce, ba tamu ba.” Ya ce falon yana can ciki, bayan shige da fice, bayan binciken kaya, mai rakiya nan ne iyakarsa. Bai yi mini tsawa ba, kuma ba ni da ƙorafi a kansa, aikinsa yake yi. Akwai layi a bayanmu, wani yana cewa a matsa. Mai tura keken ya riga ya tura. Malam ya so ya waiwayo, wuyansa bai ba shi dama ba, rabin fuskarsa na gani. Na ce, “Allah ya kiyaye hanya.” Abin da na ce ke nan. Abin da ake ce wa direba.

Ina tsaye a wurin wani ma'aikaci ya fito ya miƙo mini fulas ɗin, wai ba a wucewa da abu mai ruwa. Na ɗan zauna a waje, har direbanmu ya ce in ba mu kama hanya ba dare zai yi mana a daji. Na riƙe fulas ɗin a cinya har Bauchi. Da na buɗe a gida da sauran ɗuminsa.

Na uku, kujerar da aka biya.

Wannan naku ne zalla, ba na jami'an ƙofa ba. Bala ne ya ba ni labari bayan ya dawo. Da suka isa teburin karɓar baƙi na falonku, ya yi bayani cewa matar ba ta samu shigowa ba, shi ne mai jinya, a bar shi ya zauna a madadina. Mai karɓar baƙin ta duba ta ce sunan da ke rasit na mace ne, ba a canza suna, sai dai ya biya sabo. Abin da ke hannunsu na asibiti ne, Malam da kansa ya ɗinke shi a aljihun cikin rigar Bala tun a gida, ba a taɓawa. Bala ya ce to su haƙura, su je su zauna a waje tare da sauran mutane. Malam ya girgiza kai, ya jawo shi ya raɗa masa, “Ta biya.” Aka tura shi ciki shi kaɗai. Bala ya samu kujerar ƙarfe a gaban ƙofar ya zauna.

Ranka ya daɗe, mutum ne da ba ya iya kiran kowa. In ya shaƙe ba zai iya cewa ya shaƙe ba. Kujera biyu aka biya, ɗaya ta wuni ba kowa, ɗan'uwansa kuma yana waje yana kallon ƙofa. Ban san wanda ya rubuta wannan doka ba. Ina jin lokacin da yake rubutawa 'yan kasuwa masu jakar hannu yake tunani, bai yi tunanin irin Malam ba.

Na huɗu, abin da ban sani ba.

An yi ruwa a ranar, jirgi ya makara. Awa ukun suka cika suka wuce, har bayan la'asar. Bala ya leƙa ya tambaya, aka ce masa yana hutawa. Ba a fito da shi ba sai da aka kira jirgi, kuma ba a nemi ƙari ba. Ke nan akwai wani a cikinku da ya ga lokacin ya cika ya kau da kai. Ban san ko wane ne ba. Allah ya san shi, Allah ya saka masa da alheri. Na faɗi wannan ne don kada a ce mugunta kawai na gani a wurinku.

Ya kira ni sau ɗaya daga ciki. Muna kan hanya, ga direba, ga wasu fasinjoji maza da ya ɗauka don kada ya koma ba kowa. Na ɗaga. Na ji ƙarar cokali a faranti, da talabijin can nesa, da numfashinsa. Na ce ina ji. Na ce a riƙa shan magani. Na ce 'yarmu Ummi tana gaishe shi. Daga nan ya kashe.

A Masar Bala ya riƙa haɗa mu ta bidiyo, amma Bala ne ke riƙe da wayar, ga wasu majinyata a ɗakin. Bayan an yi masa aiki kuma ga bututu a wuya, ga hannu a ɗaure da ƙarin ruwa. Na gan shi, amma ba mu gana ba. Wata Alhamis da azahar Bala ya kira, na ga kiran murya ne ba na bidiyo ba. Tun kafin in ɗaga na sani.

Ban sani ba ko ya samu abin da zai iya haɗiya a falonku, don a tallarku shinkafa da kaza da cincin na gani. Ban sani ba ko wani ya kawo masa shayi, ko ya san ya bar shi ya huce. Ban sani ba ko ya yi azahar da la'asar a zaune, ko wa ya nuna masa gabas. Ba ya son sanyi a wuya, kuma ƙyallen da yake naɗawa yana cikin akwatin da aka riga aka shigar, ni na sa shi a can da hannuna don na ɗauka ina tare da shi zan rufa masa mayafina. Bala ya ce da aka fito da shi fuskarsa a jiƙe take, bai sani ba ko alwala ce. Na yi ta tambayar Bala har na ga tambayar tana cin sa, na daina.

Tun da Malam ya kwanta ciwo, waɗannan awoyin ne kaɗai ya zauna ba dangi a kansa. Namu ne ni da shi. Shi ya je, ni ban je ba. Ina so in ga yadda ya yi su.

Masu zuwa gaisuwa suna cewa ina da tawakkali, don ba su ga na yi kuka ba. Ba tawakkali ba ne. Ban ga gawa ba, ban ga makara ta fita daga gidan nan ba. Hoto Bala ya nuna mini na tudun ƙasa a wata maƙabarta. In an ajiye abinci ina ci. In an aiko sayen zare ina miƙawa. An dawo da keken ɗinkinsa gida an rufe da zani, ina wucewa ta gefensa kamar yadda nake wuce randa. Ummi takan tsaya ta dube ni, ta fita. Ba na cewa in na ga hoton nan zan warke, ban sani ba. Abin da na sani shi ne a raina har yanzu yana can ciki yana jiran a kira jirgi.

Na biyar, abin da ya faru da na neme ku.

Bayan an watse daga zaman makoki Rifkatu ta ce irin waɗannan wuraren ba sa rasa kyamara. Muka kira lambar da ke rasit. Yarinyar da ta ɗauka tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, ta ce, “Sannu Mama, Allah ya ji ƙan Baba.” Ta nemi in faɗi cikakken sunan fasinjan, na miƙa wa Rifkatu wayar ta faɗa. Yarinyar ce ta gaya mini maganar wata uku, Allah ya yi mata albarka, da ba ta faɗa ba da ina nan ina jiran in fita takaba. Ta kuma ce in sani kyamarar ba ta ɗaukar murya. Na ce ba komai, shi ma ba shi da ita.

Ta ce ba ta da iko a kai, mu tura imel. Rifkatu ta tura, haɗe da takardar rasuwa ta Larabci da fassararta. Amsa ta zo nan take, wai an karɓi saƙonmu, ana godiya da muka zaɓe ku, ana fatan sake ganinmu a tafiya ta gaba. Muka sake turawa, amsar nan dai ta sake zuwa. Da muka kira wani namiji ya ɗauka, ya ce dokar kare sirrin baƙi ta hana, sai wanda sunansa ke rasit ya zo ofis da kansa da katin ɗan ƙasa, ya nema a rubuce, sannan a kai wa manya su duba. Bala ya rufe shagonsa na kayan babur ya yi tafiyar yini guda, ɗauke da katina, da takardar da na sa wa hannu, da ta mai unguwa. Aka ce masa sunansa ba ya rasit. Ya dawo ya zauna a zaure, ya kasa shigowa ya gaya mini, sai Ummi ya aiko.

Ranka ya daɗe, ka duba wannan. Ranar da na zo da ƙafata, da sunana a rasit, ban samu shiga ba. Ranar da Bala ya nemi zama a kujerar, an ce tawa ce. Yau da ba ni da halin zuwa, an ce ba wanda ya isa sai ni.

Mutumin nan da ya ɗauki wayar ya tambaye ni mene ne takaba. Ban ji haushi ba, ba kowa ne ya sani ba, kai ma wataƙila ba ka sani ba. Macen da mijinta ya rasu tana zama a gidansa wata huɗu da kwana goma, ba kwalliya, ba turare, ba kwana a wani wuri. Ya ce ai sai in nemi izinin kwana biyu in zo in koma. Na ce masa ba aikin gwamnati ba ne, ba mai ba da hutun.

Duk da haka na aika Ummi wurin malamin Islamiyyarmu. Ya ce in lalura ta kama zan iya fita da rana, kamar asibiti, amma in dawo in kwana a ɗakina. Daga Bauchi zuwa wurinku ba a zuwa a dawo rana ɗaya a mota. Kuɗin jirgi kuwa, jinyar Malam ba ta bar mana shi ba. Wata ƙawata ta ce in ja mayafi in shiga mota kawai, wa zai sani? Inna za ta sani, tana nan tare da ni, ba ta koma Miri ba. Ni ma zan sani. Na yi kwanaki ina juya maganar, har na sa aka tambayo mini lokacin da motar farko take tashi. Daga ƙarshe na yanke ba zan tafi ba. Wannan zaman shi ne abin da ya rage in yi masa, ba zan katse shi ba ko don in gan shi. Saboda haka abin ya dawo hannunka.

Ga roƙona.

A cire abin da kyamara ta ɗauka ranar Talatar nan, daga hantsi zuwa bayan la'asar, a ajiye shi gefe har in fita. Ranar tana jikin rasit. Rifkatu ta ce abu ne da ake kwafewa a wani ɗan abu da bai kai yatsa ba. Ba na neman a ba ni in tafi da shi. Na san akwai wasu mutane a cikin hoton, su ma suna da haƙƙi, ba ruwana da su. In na zo a zaunar da ni a ofis tare da wanda kuka yarda da shi, in kalla sau ɗaya, in tashi.

Sauran ba don ni ba ne, ni tawa ta riga ta faru. A rubuta a saman tallarku da manyan baƙaƙe, da Hausa ma, cewa mai rakiya ba ya shiga. Mutanenmu da yawa suna fita neman magani, yawancinsu ba su taɓa ganin cikin filin jirgi ba, kuma ba mai barin nasa ya tafi ba rakiya. Mara lafiyar da ba ya iya magana ko tafiya, a bar mai jinyarsa ya zauna a kujerar da aka riga aka biya. Kuma a san cewa akwai matan da ba za su iya zuwa ofis ba na wani lokaci, a karɓi wakilinsu.

In kuma an riga an goge, a gaya mini kai tsaye. Kada a ce mini ana dubawa.

In dokarku ba za ta lanƙwasu ba, ranar za ta zo ta wuce ina nan a ɗaki, to ina roƙon abu ɗaya wanda ba ya buƙatar sa hannun manya. Wani daga cikinku ya zauna ya kalla kafin na'urar ta goge. Ba wuyar gane shi. Dogo ne siriri, da kaftani ruwan toka da hula, a keken marasa lafiya. Wanda zai kalla ya kalli hannunsa. In ya dafa wuya da yatsa biyu, zafi yake ji. In ya juya tafin hannu sama, tambaya yake yi, ina ko yaushe. In yana murza babban yatsa da manuni kamar mai taɓa yadi, hankalinsa a kwance yake, tunani kawai yake yi. In ya yi wani abin da ban lissafa ba, a kwatanta mini yadda yake, zan gane. Sai a kira lambata da ke rasit a gaya mini, ko da Turanci ne, Rifkatu tana kusa. Kada a gyara don a faranta mini. In barci ya yi tun daga shigarsa har fitarsa, a ce mini barci ya yi. Wannan ma ya ishe ni.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya shirya maka zuri'a, ya sa albarka a aikinka. Allah ya tsare duk matafiyin da ya zauna a falonka, ya mai da shi gida wurin masu jiransa. Wanda kuma ba a rubuta masa dawowa ba, Allah ya sa a samu wanda ya lura da shi. Allah ya ji ƙan Malam.

Wassalam.

Salamatu,
Wunti, Bauchi.